Wa Ke Tambayar Makiyayi Ko Ya Gaji?

Shin fasto ko liman yana da ikon cewa "na gaji" ba tare da an zarge shi da raunin imani ba? Ni dai a ganina yana da shi, mu mabiya ne muka ƙwace masa.

Dubi faston da ke Nima ko Mamobi. Wa'azin Lahadi shi ne mai sauƙin. Akwai addu'ar kwana ran Juma'a, biso ran Asabar, dubiya a asibitin Korle Bu, sulhun ma'aurata, ga mai neman kuɗin haya da zai bugo waya ƙarfe biyun dare. Liman ma kanwar ja ce: salloli biyar, suna, ɗaurin aure, jana'iza, karatun yara, sau da yawa ba albashi. Ranar hutun kowa ita ce ranar aikinsu.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa. Alamunta uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Masu kira a shirina na rediyo kan yi ƙorafin cewa malam ya zama mafaɗaci, ko fasto ya daina ɗaga waya. Muna kiran abin girman kai, alhali wataƙila rijiya ce ta ƙafe.

Wani zai ce aikin Allah ne, lada na gaba. Gaskiya ne. Amma addinan biyu ba su ce a kashe kai ba. A Littafin Fitowa, Yetro ya ga Musa na shari'a tun safe har yamma, ya ba shi shawarar naɗa mataimaka. Salmanul Farisi ya tunatar da Abu Darda'i cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya gaskata shi. A 2013 kuwa Fafaroma Benedict na 16 ya sauka daga kujera, ya ce ƙarfinsa ya gaza.

Girmamawar da ba ta barin mutum ya huta, zalunci ce sanye da farar riga. Kwamitin coci da na masallaci su naɗa na'ibi, su yanka albashi, su ware wa jagora rana guda a mako da ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Idan makiyayi ya faɗi, garke ne zai watse.