Wa Ya Aike Su Su Yi Sallama Da Sunanmu?

Maganar wannan Juma'a ta yi nisa da kasuwa da farashin kaya, amma tambayar da ke cikinta duk mazaunin Sabo ya san ta: wa ke da ikon yin magana da yawun jama'a?

A ranar 16 ga Nuwamba 1974, wasu masana taurari a Arecibo, a tsibirin Puerto Rico, suka yi amfani da wani ƙaton faifan rediyo suka aika saƙo na kusan minti uku zuwa sama. A ciki akwai lissafi daga ɗaya zuwa goma, da sinadaran da jikin ɗan Adam ya ƙunsa, da siffar mutum, da yawanmu a lokacin, da matsayin duniyarmu a jerin duniyoyin da ke kewaya rana. Sun nufi wani gungun taurari da haske kansa, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sai ya yi wajen shekara 25,000 kafin ya isa. Fatansu shi ne ko akwai wata halitta mai hankali da za ta ji.

Bayan shekara uku, a 1977, Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager. Kowanne yana ɗauke da faifai mai ruwan zinare, an naɗi gaisuwa cikin harsuna 55, da hotuna, da kiɗe-kiɗe, da taswirar da ke nuna inda ranarmu take. Akwai Larabci a cikin harsunan nan 55, amma babu Hausa, babu Yarabanci, babu Ibo. Wani ƙaramin kwamiti ne ya zaɓi abin da za a ce, aka ce wai wannan muryar ɗan Adam ce.

Tun a lokacin ba kowa ya yarda ba. Martin Ryle, babban masanin taurari na Ingila, ya yi ƙorafi a kan saƙon Arecibo, yana ganin bai dace a tona inda muke ga wanda ba mu san halinsa ba. A 2010 Stephen Hawking ya sake jan kunne, ya kawo misalin abin da ya sami 'yan asalin nahiyar Amurka bayan zuwan Turawa. Masu goyon bayan aikawa kuma suka ce ai an riga an makara, domin kusan shekara ɗari ke nan tashoshin rediyo da talabijin da na'urorin hango jirage suna ta watsa hayaniyarmu zuwa sama. Suka ƙara da cewa nisan ya isa kariya, tunda tauraro mafi kusa da ranarmu ma tafiyar haske ce ta sama da shekara huɗu.

Hujjar nan tasu tana da ƙarfi, amma ba ta amsa tambayarmu ba. Hayaniyar gida da ke fita ta taga daban, mutum ya fita ƙofa ya ɗaga murya yana faɗin adireshi da yawan mutanen gida daban. Na farko ba da niyya ba ne, na biyu kuwa shawara ce wani ya yanke. Ko da haɗarin ƙarami ne ƙwarai, ba na wanda ya aika ba ne shi kaɗai, na kowa ne har da jikokin da ba a haifa ba. Magana kuma zarar bunu ce. Faifan Arecibo ya rushe a Disamba 2020, amma saƙon da ya aika yana nan yana tafiya, babu mai iya kiransa ya dawo.

Saboda haka a ganina sai a raba sauraro da magana. Sauraro neman ilimi ne, ba ya jawo wa kowa komai. Tun 1960 Frank Drake ya fara kasa kunne, har yau ana yi, kuma ba a tabbatar da jin kowa ba. Magana da sunan jama'a kuwa amana ce, ba a ɗaukar ta sai an ba ka. Maƙwabtanmu Yarabawa suna cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

To, sai mu juya ga gwamnatoci. Su damuwarsu ta fi kusa da ƙasa. Idan soja ya ga abu a sama bai gane shi ba, tunaninsa na farko shi ne ko na abokin gaba ne. Shi ya sa a 1971 Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a yarjejeniyar rage haɗarin yaƙin nukiliya, wadda a ciki suka amince su sanar da juna nan take idan na'urorinsu na gargaɗi suka hango abin da ba a tantance ba kuma zai iya jawo yaƙi. Wannan tsoro ne na gaskiya, domin kuskure ɗaya zai iya halaka miliyoyi. Ba laifi ba ne hukuma ta ɓoye sirrin makamanta.

Laifin yana farawa ne inda ɓoyo ya koma ƙarya. A 1947 wani abu ya faɗo kusa da garin Roswell a Amurka, soja suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sojin sama ta bayyana cewa na wani shirin asiri ne na sauraron gwajin nukiliyar Sobiyet. A 1997 kuma wani masanin tarihi na hukumar CIA ya rubuta cewa da yawa daga cikin abubuwan da mutane suka riƙa gani a sama a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2, kuma an riƙa ba jama'a bayanin da ba shi ne ba. Kun ga abin da ya biyo baya. A Maris 2024 ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa don binciken irin waɗannan rahotanni ya ce bai sami wata shaida ta fasahar wasu halittu ba, amma mutane da yawa suka ƙi yarda. Wanda aka taɓa kamawa da algus a mudu, ko ya cika awo daga baya sai an sake aunawa.

Idan muka haɗa su biyun, masanin da ya aika saƙo ba shawara da jami'in da ya rufe gaskiya da sunan tsaro, za mu ga abu guda suka yi: sun yanke hukunci a kan mutane ba tare da mutanen ba. Ɗaya ya ga iliminsa ya ishe shi izini, ɗaya ya ga kujerarsa ta ishe shi.

Masanan da kansu sun tsara ƙa'ida a 1989, suka sabunta ta a 2010. Ta ce idan an ji wani abu a fara tabbatarwa, idan ya tabbata a sanar da duniya a fili, kuma kada a mayar da amsa sai an tuntuɓi wata majalisa mai wakiltar ƙasashe, kamar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba doka ba ce, babu ɗan sandan da zai kama wanda ya saɓa, amma tsarin ya yi. Darajar tabbatarwa ta fito tun 1967, lokacin da wata ɗaliba a Cambridge mai suna Jocelyn Bell ta tsinci wata alama daga sama tana maimaituwa daidai wa daida. Ita da malaminta ba su ruga gidan jarida ba, suka ci gaba da bincike, ashe wani mataccen tauraro ne ke juyawa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Suratul Hujurat ta umurce mu da tantance labari, Suratun Nisa'i ta zargi masu gaggawar yaɗa labarin aminci ko na tsoro kafin a kai shi ga masu iya fahimtarsa, shawara kuma har sura guda ke ɗauke da sunanta. Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin tsadar saɓa wannan. Mutum ɗaya ya tura saƙon murya a WhatsApp bai tabbatar ba, ko ya je wurin hukuma ya ce da yawun Hausawa yake magana alhali ba wanda ya aike shi, washegari shagunan kowa ne a rufe. Haka nan shugabanni idan suka riƙa ɓoye wa jama'a abin da ya shafe su, ranar da suka faɗi gaskiya ma ba za a saurara ba.

Ko akwai wasu halittu masu hankali a can, wannan Mahaliccin sammai ne ya sani. Abin da ke hannunmu shi ne mu tantance kafin mu yaɗa, mu nemi izini kafin mu wakilci wani, kuma wanda aka ba amana ya faɗa wa jama'a gaskiya. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Juma'a mai albarka.