Haƙƙin Ɗan Ƙwadago da Inda Zai Kai Kukansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai hukunci da adalci a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ƙasarmu ta Bakori da Funtua da Malumfashi ƙasa ce ta gumi. Masara da dawa da auduga da waken soya da ake lodi a kasuwanninmu duk da hannun ɗan ƙwadago suka samu, tun daga sassabe da huɗa har ya zuwa girbi da sussuka. Ban da su kuma ga ma'aikatan masaƙa da na injin gurzar auduga, ga direbobi da masu gadi, ga malaman makarantun kuɗi da na Islamiyya. Da yawa daga cikinsu akan danne musu lada, ko a kore su ba sanarwa, ko a fifita wani a kansu saboda dangantaka, sai ka ji mutum ya ce "Allah Ya isa", ya kama bakinsa. To, wannan makon za mu duba abin da shari'a ta ce, da kuma ƙofofin da wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa.

Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar ma'aikaci da suna ijara. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibi zai gani a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Halilu, sharaɗi ne a san ladan, a kuma san aikin ko tsawon lokacinsa tun kafin a fara. Saboda haka al'adar nan ta "je ka fara, ma daidaita" ita ce ƙofar da husuma ta fi shigowa. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah Ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai yi jayayya da su ranar Alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, sa'an nan ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Wanda Allah ne abokin shari'arsa, wa zai tsaya masa?

Game da wariya kuwa, Alƙur'ani ya ajiye mana ma'auni a Suratul Ƙasas aya ta 26, cikin labarin Annabi Musa a Madyana, watau ƙarfin yin aiki da riƙon amana. Ba a sa ƙabila ko garin haihuwa a cikin ma'aunin ba. Sahabi Abu Zarri ya taɓa goranta wa wani mutum asalin mahaifiyarsa, sai Ma'aiki, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa wannan saura ne na jahiliyya, ya kuma hore shi da kada ya ɗora wa na ƙasa da shi abin da ya fi ƙarfinsu. Mu da muke zaune tare da Maguzawa da Kiristoci da baƙin ƙabilu a wannan yanki, lalle mu tuna da aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, wadda ta wajabta adalci ko da ga wanda ba a shiri da shi. Musulmin da ya rage wa lebura kuɗi don ba addininsu ɗaya ba, ya saɓa wa addinin da yake tinƙaho da shi.

Wani zai ce ai haƙuri ya fi. Gaskiya ne yafiya tana da lada mai girma, amma yafiya ta mai iko ce wanda ya ga dama ya bari, kuma magidanci ba shi da ikon yafe abincin iyalinsa alhali suna kwana da yunwa. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyana wurin Ma'aiki a kan ƙarancin ciyarwa, bai kuwa tsawata mata ba. Don haka ne Imamu Nawawi ya lissafa kai ƙara wurin mai iko cikin wuraren da ambaton laifin mutum ba ya zama giba. Daulolin Musulunci ma sun kafa majalisa ta musamman ta sauraron zalunce-zalunce, Mawardi ya yi bayaninta a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Shirun wanda aka cuta shi ke ba azzalumi ƙarfin cutar na gaba.

Kafin mutum ya kai kuka, ya kamata ya san abin da dokar ƙasa ta ba shi. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Dokar Ƙwadago, wadda ta shafi leburori da masu aikin hannu da ƙananan akawuna, ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da farawa. Ta kuma ƙayyade sanarwar sallama: mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ke tsakanin shekara 2 da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Mace mai ciki tana da hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ba a kuma yarda a sallame ta a cikin wannan hutu ba. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai dai wannan doka ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi aikin gona na damina ko jinga ba. Watau yawancin 'yan ƙwadagon ƙauyukanmu ba abin da ke kare su sai yarjejeniyar da suka ƙulla da shaidun da suka ji ta.

Ƙofa ta farko ita ce sulhu. Ɗan ƙwadagon gona ko yaron shago ya fara da mai aikin kansa cikin ladabi, in ya ƙi sai a je ga mai unguwa da liman, daga nan dagaci, har zuwa fadar hakimi. Hukumar Hisba ta Jihar Katsina ma tana sasanta irin wannan. Mai gona da yawa ba ya tsoron takarda amma yana jin kunyar a kira shi gaban dattawa.

Ƙofa ta biyu ƙungiya ce. Malaman makarantun gwamnati suna da NUT tun 1931, ma'aikatan masaƙu suna da tasu mai hedikwata a Kaduna, uwar ƙungiya NLC kuma, wadda aka kafa a 1978, tana da reshe a kowace jiha. Doka ta hana a kori ma'aikaci don ya shiga ƙungiya.

Ƙofa ta uku hukumomin gwamnati ne waɗanda ba a biyan kuɗi kafin su saurari mutum. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofishi a babban birnin jiha, jami'anta suna da ikon kiran mai aiki su sasanta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana bincike a kan hukumomi da kamfanoni, amma a kiyaye, ba ta karɓar ƙorafin da aka bari ya wuce wata 12. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ta 1995, ga wanda aka nuna wa wariya. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, kamar inji ya cinye masa yatsu, dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa asusun NSITF biyansa, daga kuɗin da masu ɗaukar aiki suke zubawa.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da zama a Kano da Kaduna. Tun gyaran Tsarin Mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'ar aiki, har da wariya da cin zarafin mata a wurin aiki, tana kuma iya aiki da yarjejeniyoyin duniya da Nijeriya ta amince da su, irin ta hana wariya wadda ta karɓa a 2002. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi.

Duk ƙofar da mutum zai bi, hujja za a tambaye shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka a adana takardar ɗauka da ta albashi da saƙon banki na waya. Wanda ba ya rubutu ya yanke ciniki a gaban mutum biyu amintattu. Kada kuma mai ƙara ya ƙara ko kwabo a kan abin da yake bi, domin wanda ya yi da'awar ƙarya ya koma shi ne azzalumi. Haka nan mai zuwa aiki a makare, ko mai binne ciyawa a kunya don ya gama da wuri, ya sani shi ma za a tambaye shi.

Ku kuma masu gonaki da masu makarantu da shugabannin ofisoshi, ku sallami mutane da haƙƙinsu tun a nan, kafin ranar da ba a biya da Naira sai da ladan salla da azumi. Allah Ya tsare mu da cin gumin wani, Ya sa mu gama lafiya, amin.