Ba a yaye ka ba tukuna

Zauna nan, ɗana. Mahaifiyarka ta aiko mini cewa ka daina zuwa gareji, wai kana neman rumfa a bakin titin Ɗambatta ka buɗe naka wurin. Maigidanka bai kawo ƙararka ba. Ni na je na same shi, ya ce yaron yana da hannu, daga nan bai ƙara komai ba. Mutumin da ya saba yabon yaransa har a gaji, in ya tsaya a kalma ɗaya, akwai magana.

Ka san gonar kakanku. Da muna yara ita ke riƙe da gidan nan daga kaka zuwa kaka. An raba ta tsakaninmu, gobe za a sake raba ta tsakaninku, kowa ya tashi da 'yan kunyoyi. Daga Minjibir har Makoɗa babu dajin da za ka sare ka yi sabuwar gona, gona tana jikin gona, iyaka sai layin gamba. Shi ya sa tun asali manomin ƙasar Kano ba ya zama da fartanya kaɗai: wani masaƙi ne, wani maƙeri, wani ya tafi cin rani. Saboda haka ban raina sifanarka ba. Ni na roƙi ubanka ya bar ka ka je.

Amma an ba ni labarin tsohuwar Golf ɗin nan da aka kawo tana fizga, tana hayaƙi baƙi. Maigida ba ya nan, ka ce kafireta ce. Mai motar ya bar lodin kasuwa, ya hau mota har Ƙofar Ruwa ya sayo, aka ɗaura, ciwo yana nan. Da maigida ya dawo bai taɓa sifana ba. Ya ce a tayar, ya karkata kunne, ya sa aka kwance filogi ɗaya ya duba bakinsa: baƙi ƙirin, busasshe, kamar gindin tukunya. Ya buɗe matatar iska, ga ta cunkushe da ƙurar hunturu. Inji ba ya samun iska, sai ya yi ta shan mai. Da filogin ya fito jiƙe da baƙin mai, da ringi zai fara zargi. Da ya fito fari fat, man ne bai isa ba. Wannan karatun ne ba ka sauke ba, kuma ba a koyonsa da kwance noti, sai da tsayawa a bayan wanda ya iya, shekara da shekaru.

Mai motar bai zage ka ba, na sani. Amma yana lodi ranar kasuwar Ɗambatta, yana lodi ranar ta Bichi, kuma direba ba ya tuƙi baki rufe. A Kano kana iya ɓata wa mutum mota ka ɓace cikin jama'a. A nan, wanda ka cuta surukin maƙwabcinka ne, tare za ku yi sahu ranar Juma'a. Don haka in ka canza wa mutum kaya, miƙa masa tsohon a hannunsa. In na gwanjo ka sa, ka ce na gwanjo ne. Kuɗin aikinka ka faɗe shi a fili, kada ka ɓoye shi cikin kuɗin kaya.

Sannan motar ma ba ta tsaya jiranka ba. Mu mun tashi da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, bakanike ya san cikinta da ido rufe. 'Yan Kwatanon yanzu ƙwaƙwalwa gare su, sai an jona na'ura ta faɗi inda ke ciwo, kuma da Turanci take faɗa. Wayar da kake kallon ƙwallo da ita har tsakar dare, akwai masu koyar da wannan a cikinta. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, masu noman rani da yawa sun mayar da injin ban ruwa zuwa tukunyar gas. Je ka bakin madatsar Thomas ko Watari da rani ka ga yawan injinan da ke kuka. Na ji ana cewa kana ganin gyaran babur da injin ban ruwa ƙasƙanci ne. To, a ƙauyen nan motoci nawa ne, babura nawa? Wanda ya iya duka ukun ba ya zaman jiran aiki, damina ko rani.

Na yarda yaran gareji suna shan wuya. Wankin kaya a fetur, aike, tsawa a gaban mutane, kuɗin abinci wata rana a ba ka, wata rana a manta. Akwai iyayen gida da ke riƙe yaro fiye da ƙima don suna cin guminsa, ban ce babu ba. In naka yana cikinsu, ni zan je in yi magana, ba kai za ka sulale ba sallama ba. Wanda ya fita ba yaye, in aiki ya gagare shi wa zai kira? Wa zai ara masa abin sauke inji?

Wani abu kuma, tunda mun zauna: an ce kana shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Kada in sake ji. Ka tokare da kututture, ka sa dutse a taya.

Gobe bayan azahar ka sa riga mai tsabta, zan sayi goro, mu tafi tare. Kai za ka ba shi haƙuri da bakinka. Ni kuma zan tambaye shi abin da ya rage maka da lokacin da yake ganin zai yaye ka, a gaban shaidu. In an cire gyaɗa na sayar, akwatin sifana yana wuyana, amma a wurinsa zan ajiye shi, shi zai miƙa maka ranar. Tashi ka je ka gaya wa mahaifiyarka, tun jiya ba ta ci abincin kirki ba.