Magani A Kan Magani: Waraka Ce Ko Canjin Ƙwaya?

Akwai maganar da ba ta ƙarewa a majalisunmu na Nasarawo. Da zarar an ce ɗan wane yana karɓar magani a asibiti don ya rabu da tiramadol ko kodin, sai mu ce, "Ai ƙwaya aka canza masa da ƙwaya." In kuwa aka ji likita ya ƙara masa magani na biyu, to mun yanke hukunci: an gama da yaro. Ya kamata mu sake auna wannan hukunci, domin rai ne a ciki.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Amma hani bai warkar da jikin da ya riga ya saba ba.

Shi ya sa likitoci ke ba da metadon ko bufrenofin, magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da ƙishirwar ƙwaya da ciwon jiki, har mutum ya iya sana'a, ya tsayar da sallah. Sau da yawa kuma akwai wani ciwon a ƙarƙashi, kamar ciwon damuwa ko tarin fuka, shi ma da nasa maganin.

To, mu tambayi kanmu. Dattijo mai hawan jini, in aka ƙara masa ƙwaya ta biyu, wa ke zarginsa da raunin imani? Abin dubawa shi ne abin da maganin ke yi wa mutum. Jaraba tana raba shi da hankalinsa da iyalinsa, magani kuwa yana mayar masa da su.

Duk da haka, tsoronmu yana da tushe. Haɗa metadon da maganin barci irin su Valium, ko da giya, na iya tsayar da numfashi. Wani maganin tarin fuka ma yana rage ƙarfin metadon, dole a gyara awo. Saboda haka magani na biyu sai daga hannun likitan da ya san na farko, ba daga kemis ɗin bakin layi ba.

Mu kuma sani, wanda aka tilasta wa yanke magani ba shiri, jikinsa ya daina jure awon da ya saba. In ya koma wa ƙwaya rana ɗaya, wannan awon na iya kashe shi. Gorinmu kaɗai ya isa ya sa yaro ya jefar da katin asibiti. Maimakon gori, mu raka shi ganin likita, mu riƙe masa lokacin shan magani, mu kama bakinmu.