Idan Likita Ya Ce A Koma Gida

A ƙauyukanmu na wajen Bichi da Ɗambatta, sau da yawa ba a kai mai ciwon daji asibiti a Kano sai cuta ta ci ƙarfinsa, likita ya ce a koma da shi gida. Daga nan wasu sukan sayar da gona su bi bokaye, wasu kuwa su bar shi a ɗaki shi kaɗai. Amma rashin warkewa ba ya hana jinya.

Ikilisiya ba ta yarda a bar mutum cikin azaba ba. Tun 1957 Paparoma Pius na 12 ya halatta maganin kashe zafi ga mai bakin mutuwa, Paparoma Yohanna Bulus na 2 kuma ya sake tabbatar da haka a 1995. Saboda haka mu roƙi likita wannan magani, mu ba da shi a kan lokaci, kada mu jira sai zafi ya taso. Mu riƙa juya majinyaci bayan kowane awa 2 domin kada kwanciya ta yi masa gyambo. Mu jiƙa masa leɓe, mu saurare shi. Mu kira Fada ya shafe shi tun yana cikin hayyacinsa.

Masu jinya ma sukan gaji. Zumuntar mata su karɓe su kwana, matasa su yi musu gayya a gona.

Maryamu ba ta hana Ɗanta mutuwa ba, amma ta tsaya a gindin gicciye. Ubangiji ya ba mu irin wannan tsayuwa. Amin.