Alheri Gwargwadon Yini

Ya kai ɗan'uwa, wanda ka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, ko kuwa kana bakin ƙofa tukuna kana bincike, akwai magana guda da ya kamata a faɗa maka a fili tun da wuri. Bin Yesu ba ya kawar da wahala daga gidan mutum. Kadan wani ya ce maka daga ran da aka yi maka baftisma gonarka ba za ta ƙi ba, ɗanka kuma ba zai kwanta da zazzaɓi ba, to, ya alkawarta maka abin da Ubangiji bai alkawarta ba. Wani sa'i ma wahalar ƙaruwa takan yi: dangi su ja da baya, ka kira gayya ba mai zuwa, surukai su aiko a mayar musu da ɗiyarsu.

Manomin ƙasar Dutsi ya san damina gajeriya ce, domin haka hankalinsa ba ya kwanciya sai ya leƙa rumbu ya ga geron da zai kai shi wata kaka. Wannan hikima ce, ba mai zarginsa. Amma zuciya takan so ta yi haka da alherin Allah, watau ta ga ƙarfin shekara guda a tare wuri ɗaya kafin ta yarda ta bi. Allah kuwa ba haka yakan bayar ba. Cikin Littafin Fitowa, sura 16, an ba da labarin yadda ya ciyar da Isra'ilawa a jeji shekara 40 da abincin da ake kira manna. Kowace safiya mutum yakan tattara abin da zai ishe shi yinin nan, wanda kuwa ya ɓoye saura saboda tsoron gobe, da gari ya waye ya tarar ya yi tsutsa yana wari. Ka lura, ba rowa ta sa aka auna musu haka ba, gama ba su kwana da yunwa ba. An yi haka domin kowace safiya su fita su karɓa daga hannun Mai bayarwa.

Manzo Bulus ma, cikin wasiƙarsa ta 2 zuwa ga Korintiyawa, sura 12, ya ce yana da wata ƙaya a jiki, har sau 3 ya roƙa a cire masa. Ba a cire ba. Ƙarfin ɗaukarta aka ba shi, da ita kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Kada ka ce wannan labarin mutanen nesa ne. A ƙasar Hausa akwai jama'ar da ake ce da su Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo wurin Likita Miller a Zariya, suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi noma, 'ya'yansu suka shiga makaranta. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya ɗebe mutane masu yawa, har waɗanda suka rage suka tashi suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ta ƙaura a 1929. Mai gaggawa zai ce, ai ga Wusasa nan da coci da asibiti, ashe ƙarshen ya yi kyau. Ni dai ba na son wannan lissafi, gama waɗanda aka binne a Gimi ba su ga Wusasa ba, uwar da ta binne ɗanta kuwa ba a ta'azantar da ita da ginin da bai zo ba tukuna. Abin da ya riƙe ta shi ne ƙarfin da za ta tashi da safe ta yi addu'a, ta hura wuta, ta yi jiyyar wanda ya rage.

Dogara ga wannan alheri ba naɗe hannu ba ne. Mai dogara yakan yi shuka da ruwan fari, ya kai marar lafiya asibiti, ya kuma faɗa wa 'yan'uwa cikin ikilisiya halin da yake ciki, gama girman kai ne ke sa mutum ya ɓoye yunwarsa yana kiranta bangaskiya. Sau da yawa taimakon ta hannun mutum yakan zo, wataƙila ma maƙwabcinka Musulmi ne zai aiko da kwanon tuwo, ko baffan nan da ya rantse ba zai ƙara taka gidanka ba. Ka karɓa da hannu biyu, ka gode masa, ka gode wa Allah. Dangin da suka juya maka baya kuwa, kada ka daina gaishe su. In an yi musu rasuwa ka je ka zauna tare da su, ko da a bakin tabarma aka bar ka.