Biza na gab da ƙarewa, lasisi bai fito ba: ina haƙuri ya tsaya, ina ha'inci ya fara?



Daren Talatar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, wani dattijo daga cikin masu sayar da albasa a Mil 12 ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ce in saurari saƙon murya da ɗansa ya turo daga Ingila. Ya ba ni izinin in kawo maganar a nan ba tare da suna ba, don ya san ba gidansa kaɗai abin ya shafa ba.

Yaron ya gama digiri na biyu, ya samu bizar shekara 2 da ake ba waɗanda suka kammala karatu a can, wadda ba a sabunta ta. Yana aiki da wani ƙaramin kamfani da suka yi masa alƙawarin za su ɗauki nauyinsa ya koma kan bizar aiki. Sai dai ba su da lasisin yin hakan, kuma sai makon jiya suka shigar da takardun nema. Shi kuwa saura mako 7 bizarsa ta ƙare. Ana cikin haka wani ya ce masa akwai mai sayar da takarda, in ya kawo kuɗi an gama. Wani kuma ya ce ya yi zamansa kawai, ai mutane da yawa suna ɓoye. Dattijon ya dube ni ya ce: "Sakatare, akwai fili na a gida. In sayar in tura masa, ko in ce ya lafe har Allah Ya kawo mafita? Laifin ai ba nasa ba ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Idan jinkirin ba laifinka ba ne, shin hakan ya halatta maka abin da a da bai halatta ba?

Kafin hukunci, mu fahimci yadda abin yake. Kakanninmu fatake sun san tsarin fatoma. Baƙo ba ya shigowa zango da shanu ko goro ya kama ciniki haka kawai, sai ya sauka wurin mai gida, wanda zai tsaya masa, a san shi ta dalilinsa. To, kusan haka Birtaniya ta tsara bizar aiki. Kamfani ne mai gidanka. Amma shi ma sai ma'aikatar harkokin cikin gida ta ba shi lasisi, sannan ya iya ba ma'aikaci takardar ɗaukar nauyi, wadda yaranmu ke kira CoS. Lamba ce a kwamfuta, kuma dole a nemi biza da ita cikin wata 3 da bayar da ita. Neman lasisin yakan ɗauki kamar mako 8, yana iya wuce haka idan hukuma ta ga sai ta ziyarci kamfanin. Akwai hanyar gaggawa ta kwanakin aiki 10 da kamfani ke biyan ƙarin kuɗi, amma gurbinta kaɗan ne a kullum.

Akwai kuma sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971. Wanda ya shigar da ingantacciyar takardar neman biza kafin tsohuwar ta ƙare, izininsa na zama yana ci gaba har a yanke hukunci. Amma a lura, neman lasisin da kamfani ya yi ba ya kare ma'aikaci. Shi kuma ba zai iya shigar da ingantacciyar takardar bizar aiki ba sai da waccan lambar a hannunsa. Nan ne igiyar ta shaƙe: agogon kamfani daban, agogon yaro daban, kuma nasa ne ya fi sauri.

To, yanzu sai maganar haƙuri. Mu Hausawa da zarar abu ya faru sai mu ce a yi haƙuri, kuma gaskiya ne, haƙuri maganin zaman duniya. Amma sau da yawa muna kiran kasala da sunan haƙuri. Wanda ya ɗora tumatir daga Kano motar ta lalace a Jebba ba ya shimfiɗa tabarma ya ce ya dogara ga Allah. Makanike yake nema, yana kiran wata mota, yana kuma addu'a. Haƙuri yana kan abin da ba ya hannunka. Abin da ke hannunka kuwa, aiki ake yi a kai.

Ranar da hukuma za ta sa hannu ba ta hannun yaron. Amma yana iya zuwa wurin shugaban kamfanin ya tambaya cikin ladabi a nuna masa ranar da aka shigar da takardu, ya roƙi su nemi hanyar gaggawa. Mutanenmu suna da nauyin baki a gaban mai gida, suna ganin tambaya rashin kunya ce. Neman haƙƙinka da ladabi ba rashin kunya ba ne. Yana iya neman aiki a wani kamfanin da ya riga ya mallaki lasisi, domin gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayensu a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Yana iya bincika ko albashin da aka yi masa alƙawari ya kai, tunda daga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi na gama-gari ya koma fam 41,700 a shekara, duk da akwai rangwame ga sababbin masu digiri. Lasisi zai iya fitowa amma albashi ya kayar da mutum. Sannan ya ga lauya mai rajista tun yanzu. A can, ba da shawara kan shige da fice ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, don haka "wani ɗan'uwa da ya san hanya" ba lauya ba ne. Wanda ya yi waɗannan duka, sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah, shi ne mai tawakkali.

Sai maganar sayen takarda. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na fahimci haka, ban kuma raina tsoron da ke zuciyar yaron ba. Amma mu kira abin da sunansa. Takardar tana cewa wane zai yi aiki kaza a wuri kaza da albashi kaza. Idan babu aikin, ko akwai shi amma ba yadda aka rubuta ba, to shaidar zur ce aka saya da kuɗi. Dokarsu ta hana kamfani ma ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi ko na takardar, balle a sayar da ita. Idan aka kama mutum da yaudara a neman biza, ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10. Idan kuma aka soke lasisin kamfanin bogin, yawanci kwana 60 ake ba ma'aikatansa su samu wani ko su fice. Fili ya tafi, biza ta tafi.

Amma ko da a ce ba za a taɓa kama shi ba, tambayar tana nan. Albashin da aka gina a kan ƙarya, shi za a turo a saya wa Hajiya magani, a biya wa ƙanne makaranta, wataƙila har a biya kujerar Makka. Mu da muke faɗa da mai algus a mudu, yaya za mu sayar da gado mu saya wa ɗanmu algus?

Maganar ɓoyewa ta fi wuya, domin a nan ne hujjar dattijon take da ƙarfi. Yaron bai yi ƙarya ba. Ya biya kuɗin makaranta ninkin na ɗan ƙasa, ya biya haraji, ya biya kuɗin asibiti tun kafin ya yi ciwo. Wasu ne suka yi sakaci. Me ya sa shi zai ɗauki hukuncin? Wallahi ni ma ina ganin akwai rashin adalci a tsarin da ke ɗaure rayuwar mutum a kan takardar da ba shi ke cike ta ba. Ba zan ce tsarin daidai yake ba.

Sai dai biza alƙawari ce. Ranar da ya nema, ya yarda da sharaɗi: zan shiga ƙasarku cikin aminci, zan zauna zuwa rana kaza. A kan haka aka buɗe masa ƙofa. Na kai wa Liman maganar, sai ya tuna mini labarin Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa. Kuraishawa sun tare su a hanya kafin yaƙin Badar, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alƙawarin za su wuce Madina, ba za su yi yaƙi tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Da suka ba shi labari, sai ya umarce su da su cika alƙawarin, alhali Musulmi suna da ƙarancin mutane a ranar. Ku duba fa, alƙawari ne ga maƙiya, an kuma karɓe shi cikin matsi, amma aka cika. Darasin shi ne, sakacin wani ko zaluncinsa ba ya warware maganar da ta fito daga bakinka.

Kuma ɓoyewa ba ƙarya ɗaya ba ce. Wanda bizarsa ta ƙare ba shi da izinin aiki, ba shi da izinin kama haya a Ingila. Kamfanin da ya ɗauke shi yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 45,000 a karon farko. Don haka sai ya ari sunan wani, ya yi aiki da katin wani, ya ba shi kaso. Kowace safiya sabuwar ƙarya. Ba zai iya kai ƙarar wanda ya cinye masa albashi ba. Idan uwa ta rasu a gida, ba zai zo ta'aziyya ya koma ba. Wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 30, ko da ya fita da kansa, ana hana shi dawowa aƙalla shekara 1.

Akwai hanya ta uku da ba mu son ji. Idan rana ta matso kuma lasisi bai fito ba, ya fito kafin bizar ta ƙare, ya dawo gida da sunansa fes. Idan kamfanin da gaske suke, lasisi na fitowa za su iya ba shi takarda irin ta wanda ke waje, ya nema daga Legas ko Abuja, amsa kan zo cikin kamar mako 3. Ba tabbas ba ne, kamfani na iya ɗaukar wani. Masu aikin kula da tsofaffi kuma lamarinsu daban ne, tunda an rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025, dole su ji ta bakin lauya kafin su motsa. Amma ga irin wannan yaron, ƙofar a buɗe take.

To me ya sa ba ma son ta? Mu faɗa wa juna gaskiya: kunya. Yaranmu da yawa ba tsoron 'yan sandan Ingila ne ya fi damunsu ba, tsoron bakinmu ne. Mu ne muke cewa "ɗan wane ya dawo hannu Rabbana." Mu ne muke ƙirga kuɗin da aka kashe a gaban yaro duk lokacin da ya kira. Idan uba ya ce "kada ka kuskura ka dawo," ya tura ɗansa ga ƙarya da hannunsa, kuma yana da kaso a alhakin. Alhali a cikinmu wa bai taɓa karyewa ba? Wasu gobarar kasuwa ta cinye musu shago, wasu rikici ya kore su daga wani gari, suka dawo da kayan jikinsu, kuma ga su nan yau a sahun gaba. Asarar kuɗi muna da maganinta. Arzikin yaro ba a rubuce yake a jikin fasfo ba.

Akwai kuma madubi a cikin wannan labari. Mun ji haushin kamfanin da ya bari sai da lokaci ya ƙure, kuma haushin daidai ne. Amma mu nawa ne muka riƙe yaron shago shekara da shekaru da alƙawarin za mu sallame shi da jari, kullum "bayan Sallah"? Mu nawa ne ke riƙe kuɗin ɗan dako ko na direba alhali kuɗin na aljihu? Addininmu ya ɗauki jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi a matsayin zalunci. Abin da ke ci wa ɗanmu rai a Ingila, ɗan wani yana shan irinsa a rumfarmu.

Na koma wurin dattijon ranar Laraba da abin da na tattara. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya kira ɗansa a gabana. Ya ce masa: "Ka matsa musu, ka nemi wani wurin, ka ga lauya, zan turo kuɗinsa. Takardar ƙarya kuwa ban yarda ba. In rana ta zo babu labari, ka sayi tikiti. Ɗakinka na nan, rumfa na nan." Na ji yaron ya fashe da kuka a waya. Ina jin wannan maganar ce yake jira tun farko.

Har yanzu lasisin bai fito ba. Saura mako 6 da 'yan kwanaki. Ina roƙon jama'a mu sa shi a addu'a yau, da duk 'ya'yanmu da ke irin wannan hali a ko'ina. Duk wanda ke da ɗa ko 'ya a waje, ya kira a daren nan ya tambayi ranar da biza za ta ƙare, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ƙofar gida a buɗe take.

Allah Ya ba su mafita ta halal, Ya tsare mu daga cin amana, Ya sa mu cika da imani. Juma'a mai albarka.

Sakataren masallaci